Wanda Ya Ba Ka Lasin, Yaushe Ya Halatta Ya Karɓe?

Mai karatu, in kana da lasin tuƙi, ciro shi daga aljihu ka dube shi da kyau. Ga hotonka, ga sunanka, ga ranar haihuwarka. Amma a can sama sunan Tarayyar Nijeriya ne, a ƙasa kuma an rubuta ranar da zai daina aiki. To na waye ke nan? Naka ne, tunda kai ka biya kuɗi, kuma da shi kake neman abinci? Ko kuwa na hukuma ne, aro ta ba ka, ran da ta ga dama ta aiko a karɓo mata kayanta?

Kada ka ce wannan zancen direbobi ne, me ya kawo shi mujallar fim da adabi. Likita da lasin yake aiki, haka lauya, haka matuƙin jirgin sama. A Jihar Kano kuwa furodusa da darakta da ɗan wasa da mawaƙi duk sai da takardar izini. Jarumar da kake so, da shirin da iyalinka ke zaman jira duk mako, makomarsu tana rataye da amsar wannan tambaya. Amma bari mu fara daga kan titi, inda maganar ta fi fitowa fili.

Ka shiga motar haya daga Kabuga za ka Gwarzo. Ka wuce Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ka wuce Janguza da Rimin Gado, ka ratsa ƙasar Kabo, tafiyar kimanin kilomita 70. In ka zarce sai Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. An cusa ku biyu a gaba, huɗu a baya, but ɗin ya ƙi rufuwa saboda kaya. Wanda ke riƙe da sitiyari ba ka taɓa ganinsa ba. Ba ka san ko idonsa na gani sosai da almuru ba, ba ka san ko ya yi barci jiya ba, ba ka san ko ya san ma'anar layin da aka ja a tsakiyar kwalta ba. Duk da haka ka miƙa masa ranka, har kana gyangyaɗi. Tsohuwar da ta taso daga Getso za ta ga likita a birni, ita ma haka ta yi. Me ya ba ku wannan natsuwa?

Amsar ita ce, kun ɗauka wani ya riga ya jarraba shi a madadinku. Ma'anar lasin ke nan tun asali: shaida ce. Hukuma ce ta tsaya a gaban jama'a ta ce, wannan mutum na gwada shi, ya iya, ku shiga. A da can ba a bukatar takarda, don garin ƙarami ne. Kowa ya san wanzamin da hannunsa ke rawa, kuma ba mai kai masa ɗansa kaciya. In baƙon wanzami ya sauka, akwai Sarkin Aska da zai tambaye shi a ina ya koya. Mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera. Malamai ma suna kawo cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, in ya yi ɓarna shi zai biya. Da garuruwa suka cika suka batse, sanayya ta gaza, sai takarda ta maye gurbinta.

Saboda haka ba wanda zai yi jayayya da cewa a tsananta kafin a bayar. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. A rubuce, tsarin namu ba shi da laifi. Sai ka kai shekara 18. Sai ka je makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita. Jami'an VIO su gwada ka, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta ɗauki hotonka da zanen yatsunka, sannan ka biya kuɗin a hukumar tara haraji ta jiha. Tun 2011 aka shigo da sabon lasin mai zanen yatsu, domin a toshe ƙofar jabu.

Wannan a rubuce ke nan. Yanzu tsakani da Allah, mai karatu, cikin direbobi goma da ka sani, nawa ne suka taɓa zama a mota da jami'i a gefensu yana duba yadda suke shan kwana da yadda suke ribas? Nawa ne aka taɓa auna masu ido? Kai ma ka san yadda ake yi: a ba wani ɗan tsakiya kuɗi da hoto, a ce ya yo. Ran da aka sa hannu a lasin wanda ba a gwada ba, shaidar zur aka yi, kuma wadda aka yi wa ƙaryar ita ce tsohuwar nan ta Getso. Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan mai biro. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya miƙa kuɗin ya san abin da ya saya.

To wannan bayarwa ke nan. Karɓewa fa?

Mutanen Kabo ba baƙin harkar jirgin sama ba ne, tunda sunan garinsu ya yi shekaru yana shawagi a jikin jiragen Kabo Air, kamfanin da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, wanda ya yi ta jigilar alhazai. A wannan sana'a lasin ba ya zama gado. Matuƙi komai daɗewarsa sai ya riƙa komawa gaban likita, kuma ran da zuciya ko ido ya gaza, an sauke shi ke nan. Ka tuna ranar 4 ga Mayu, 2002, da jirgin wani kamfani daban, wato EAS, ya faɗo a unguwar Gwammaja ya hallaka mutum fiye da 100. Bayan nan gwamnati ta dakatar da tashin duk jirage samfurin wanda ya faɗi, wato BAC 1-11. Masu jiragen sun yi asara, amma wane mai hankali ne zai ce a bar su su ci gaba da tashi har sai an gama shari'a? Inda rai ke cikin haɗari nan take, dakatarwa tana iya riga sauraro. Sai dai ko a nan, dakatarwa ce don a bincika, kuma abin da ake bincikawa abu ne da ake iya aunawa: inji, gini, shekarun jirgi.

Wannan ya nuna cewa hukuma tana da ikon karɓewa, kai wani lokacin ma wajibi ne a kanta. Shaidar da ta bayar jiya, in ta ga ta daina zama gaskiya yau, dole ta janye. Direban da ya mayar da aron hannu ɗabi'a, ko yake tuƙi a buge, barinsa da lasin ci gaba da yi masa shaidar zur ne.

Amma akwai abin da ke canzawa daga ranar da takardar ta shiga hannun mutum. Kafin a ba shi, buri ne kawai. Bayan an ba shi, ya gina rayuwa a kanta. Ɗauki direban da ke lodin Gwarzo zuwa Kano. Ya karɓi mota biya-da-kaɗan-kaɗan, ya yi aure, yara sun shiga makaranta, ga ƙaren motarsa, ga ɗan kamashon da ke cika masa fasinja, ga mai shayin tasha da ke jiran cinikinsa. Ƙwace lasin irin wannan mutum daidai yake da kashe murhun gidaje uku ko huɗu. Abin da ya kai wannan nauyi ba a yin sa da fushi, ba a yin sa da sanarwar rediyo.

Ba mu kaɗai muka yi karo da wannan tambaya ba. A Amurka, a 1971, Kotun Ƙoli ta duba ƙarar wani limamin coci mai suna Bell daga Jihar Jojiya, wanda aka nemi dakatar masa da lasin bayan wani haɗari tun ba a duba ko shi ne mai laifi ba. Kotun ta ce da zarar an ba mutum lasin, zai iya zama ginshiƙin neman abincinsa, don haka ba a raba shi da shi sai an bi ƙa'idar sauraro, ko da kuwa an kira lasin haƙƙi ko an kira shi alfarma. A Ingila maki ake tara wa direba: kowane laifi da makinsa, in ya tara 12 cikin shekara uku sai kotu ta hana shi tuƙi, galibi na wata shida. Ka ga ya san inda ya kwana tun kafin ranar ta zo. A nan gida ma sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Likitan da aka zarga ana gurfanar da shi gaban kotun ladabtarwa ta majalisar likitoci, ya zo da lauyansa, in bai gamsu ba ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Yanzu riƙe wannan ma'auni, mu shiga industiri da shi.

A Disamba 2000, jim kaɗan bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta janye lasin dukkan masu shirya finafinai da masu rarraba su. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jiha. A 2007, bayan ɓullar wani hoton bidiyo na waya wanda ba fim ba ne, kuma ba a wurin ɗaukar fim aka yi shi ba, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka fito da sharuɗɗan da suka haɗa da cewa kamfani sai ya nuna jarin Naira miliyan 2.5. A 2008 aka ce marubuta littattafai su ma su zo su yi rajista, aka kai ruwa rana da ƙungiyoyinsu. A ƙarshen shekarar ne kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama bisa zargin kamfaninsa ba shi da rajista, da sakin fim ɗin Tsintsiya ba tare da tacewa ba, zargin da ya musanta. A Maris 2009 Babbar Kotu ta soke hukuncin, amma watannin da ya yi a kurkuku wa zai mayar masa? A 2023, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan fim ne, hukumar ta sake soke lasin 'yan industiri baki ɗaya, ta ce kowa ya zo ya sabunta, don a tsaftace harkar. A Mayu 2025 kuma ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kawo su an tace ba.

Ka lura da abu guda. Sau uku ana yi wa industiri kuɗin goro, a 2000 da 2007 da 2023, ƙarƙashin gwamnoni uku: Kwankwaso, Shekarau, da Abba Kabir Yusuf. Wato matsalar ta wuce ta jam'iyya ko ta mutum ɗaya. Wani tunani ne da ya zauna mana a ka, cewa lasin alfarma ce daga mai mulki.

Adalci ne mu saurari hujjar hukumar, don tana da ita. Fim yana shiga ɗakin da malami ba ya shiga. Yaro a Kabo yana haddace waƙar fim kafin ya haddace karatun allonsa. Akwai 'yan mata da ke baro gidajensu da sunan fim su faɗa hannun macuta, akwai masu kamfanin jaka da ke cinye haƙƙin ma'aikata. Al'umma tana da ikon cewa ga abin da ba ta yarda a nuna wa 'ya'yanta ba, kuma rajista tana taimakawa a san waye waye. Hatta dakatarwar 2025, in dai doka ta ce a kawo fim a tace kafin a saki, wanda bai kawo ba ya saɓa, kuma an ambaci sunan kowane shiri. Wannan ya fi kusa da ƙa'ida nesa ba kusa ba a kan a share kowa da tsintsiya ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, lasin direba da lasin ɗan fim ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na direba yana auna iyawa. Ko jami'in yana ƙaunarka ko yana ƙinka, in ka taka birki mota ta tsaya, ta tsaya. Na ɗan fim da marubuci kuwa yana auna abin da za su faɗa, da yadda mai kujera ke kallon halinsu. Wannan ma'auni a hannun mutum yake, kuma mutum yana da fushi, yana da jam'iyya, yana da abokan gaba. Shi ya sa irin wannan lasin ya fi kowanne saurin rikiɗewa daga shaidar ƙwarewa zuwa takardar biyayya. Masu kallon finafinan Amurka su tuna abin da ya faru daga 1947, lokacin da manyan kamfanonin Hollywood suka toshe wa wasu marubuta da daraktoci hanyar aiki bisa zargin ra'ayin gurguzu. Dalton Trumbo ya yi shekaru yana rubutu da sunan aro, sai a 1960 sunansa ya sake fitowa a fim ɗin Spartacus. A yau ba wanda ke tuna wannan zamani da alfahari.

Ana yawan cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Gaskiya ne a tukunya, amma mutane ba gari ba ne, ana iya tsince waken. Da aka rufe harkar fim a 2007, mai laifi nawa ne, mai shan wahala nawa ne? Mai riƙe fitila, mai kwalliya, mai dafa wa 'yan lokeshin abinci, har da mai shagon kaset a Gwarzo da ya zauna ba sabon kaya, me suka yi? Ko a kan titi mun ga irinsa. A Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, an hana acaɓa a Kano. Lokacin tsoro ne, kuma da babura ake kai hare-hare, don haka mutane da yawa sun fahimci dalilin. Amma ko a nan tambayar ba ta mutu ba: dubban samarin da ba su taɓa riƙe bindiga ba, waɗanda suka baro ƙauyukansu don wannan sana'a, wa ya ɗauki nauyin asararsu? Larura tana iya halatta mataki, sai dai ba ta goge bashin da ke kan wanda ya ɗauke shi.

To yaushe ya halatta a karɓe? A ganina sai an cika sharuɗɗa biyar. Na farko, laifin ya zama rubutacce tun kafin a aikata shi, kowa ya san shi, ba a ƙirƙiro shi bayan an ga wanda ake son kamawa ba. Na biyu, a kama mai laifi da sunansa, a bar maƙwabcinsa. Na uku, a saurare shi, kuma wanda ya kawo ƙara kada ya zama shi ne alƙali. Na huɗu, horo ya yi daidai da laifi: akwai gargaɗi, akwai tara, akwai dakatarwa, kafin a kai ga yanke wa mutum sana'a. Na biyar, a bar ƙofa biyu a buɗe, ta ɗaukaka ƙara da ta dawowa bayan gyara. Duk karɓewar da ta tsallake waɗannan, ko da niyyar mai yin ta fara ce sol, ƙwace ne.

Abin takaicin shi ne yadda muka kifa ma'aunin. Inda rayuka ke salwanta, bayarwa ta yi arha, karɓewa kuma ta yi wuya. Yaushe rabon da ka ji an ce wane an hana shi tuƙi shekara guda saboda ganganci? Abin da aka fi gani shi ne tara, ko daga 'yan Karota, hukumar da aka kafa a 2012, ko daga wasunsu. A biya, a karɓi makulli, a koma kan titi. In an yi kisa ma, sau da yawa sai dangi su ce sun yafe, ƙaddara ce. Yafiya abu ne mai kyau, kuma haƙƙinsu ne su yafe jinin ɗan'uwansu. Amma ba su da ikon yafewa a madadin fasinjan gobe. Can kuwa inda abin da ake tsoro waƙa ce ko rawa ko layin magana, a nan ne ake soke lasin dubban mutane da sanarwa guda.

Saura naka, mai karatu. In kai direba ne, ko kana shirin sama wa ɗanka lasin, je a gwada ku. Kuɗin da za ka ba ɗan tsakiya, ran wani kake ciniki da shi ba ka sani ba. In ke mai karatun littafi ce ko mai kallo, ran da kika ji an dakatar da jarumar da ba kya so, kafin ki ce Allah ya ƙara, tambayi ko an saurare ta. In kai ɗan industiri ne, kada ka yi murna don an rufe kamfanin abokin hamayyarka ba bisa ƙa'ida ba, kuma kada ka kai sunansa don a rufe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ke kan kujera kuma ya tuna cewa shugabanni nawa suka zauna a kanta tun 2001, kuma duk sandar da ya sassaƙa yau, a ofis zai bar ta ga wanda zai gaje shi.

Lasin amana ce ta jama'a da aka damƙa wa mutum biyu: wanda ya sa hannu, da wanda ya sa a aljihu. Na farko ba shi da ikon sayar da ita ko ƙwace ta don son rai, na biyu ba shi da ikon wasa da rayukan da ta ba shi dama a kai. Dukansu za a tambaye su. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.